Mabsut, in ji Waya

Nuriyya, wadda maƙwabta a birnin Malmo, inda suke zaman hijira, ke kira Ummu Wisam, mace ce mai faɗa da kyauta. Ita ke naɗa dolma, wato shinkafa da nama cikin ganyen inabi, a bikin duk wani Ba'iraƙe na unguwar, kuma in ta wanke ka tas, sai ta cika maka kwano kafin ka fita. Mijinta Jabbar tsohon malamin makaranta ne daga Basra. Ya yi zaman kurkuku kafin su yi hijira. Bai taɓa ba ta labarin ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Da tsufa ya fara taɓa masa tunani, 'yarsu Shahad, wadda rabin Larabcinta a fina-finan Sham ta tsinto shi, ta saka masa wata manhajar lafiya a waya. Kowace safiya muryar namiji takan tambaye shi, "Inta mabsut?" A bakin mutanen Sham, kana cikin farin ciki ke nan. A bakin mutanen Iraƙi kuwa, mabsut shi ne wanda ya sha duka. Tsohuwar tsokana ce, ranar farko har da ƙwalla Nuriyya ta yi don dariya.

"Ka ji, Abu Wisam, waya na tambaya ko na lakaɗa maka duka."

Shi bai yi dariya ba. Ya gyara zama, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Eh, yallaɓai." Wata koriyar fuska ta fito a wayar tana murmushi.

Haka korayen fuskoki suka yi ta jeruwa. Shahad ta nuna wa likita, likita ya ji daɗi, ya ɗaga ganinsu sai bayan hunturu. Nuriyya dai ta ga shayin safe na hucewa a gabansa. Da ta yi magana, yarinyar ta ce ai ga shi a rubuce, Baba lafiyarsa ƙalau. Wannan mata da ba ta ƙyale kowa, sai ga ta ta sallama wa waya.

Wata safiya ta same shi tsugune a bayan ƙofa, ya kare kansa da hannu biyu.

"Yi a hankali, Nuriyya, kada ya ji ki," in ji shi. "Wanda ya ce a'a, shi ake fitarwa a ba shi rabonsa na duka."

A nan ta ji labarin kurkukun, mai gadi da tambayarsa ta kowace safiya, ita ce dai "Inta mabsut?" Ta nemi goge manhajar, ta tarar haruffan Larabcin a rarrabe, sun juya baya, ba su karantuwa. Ta kashe wayar ta tura ƙasan buhun shinkafa. Bai hana ba. Lokacin tambayar na yi, Jabbar zai nufi bayan ƙofa ya jira. Bai kai ƙarshen hunturu ba.

Wajen zaman makoki Shahad ta riƙa gaya wa mata cewa ko ba komai Baba ya ƙare kwanakinsa cikin farin ciki. Nuriyya ta dube ta cikin tausayi, kuma har yau ba ta faɗa mata gaskiyar ba.

Ta daina naɗa dolmar biki. Wayar kuwa ta ciro ta, domin hotunansa na ciki, kuma muryar ba ta san an yi rasuwa ba. Da safen nan ta sake tambaya. Nuriyya na zaune ita kaɗai, shayi ya huce a gabanta.

"Eh," ta ce, "mabsut."

Koriyar fuskar ta yi mata murmushi.