Ramin Idon Dije

A shekarar farin 1984, ranar kasuwar Maijirgi da hantsi, ina goye da ƙanwata Dije a layin tsabar agaji, soja na ta daka mana tsawa. Na sauke ta in ba ta ruwa, rana ta bugi fuskarta, sai na ga wani farin abu yana ƙyalli can cikin idonta na hagu, irin na mage. Ni ce mai renonta, da ita nake surfe, da ita nake zuwa rijiya, na san idon nan sarai. Da na faɗa a gida aka ce hakiya ce, aka yi ta zizara mata kwalli har ido ya kumbura.

A asibitin Tasawa aka ce ciwon daji ne, sai an je Maradi an cire idon. Baba bai musa ba. Kafin mu tashi ya haƙa ɗan rami a bayan rumbu, don a wurinmu abin da ya rabu da jikin mutum, ko cibiya ce, ƙasa ake ba. Aka tafi da ni, tunda Dije ba ta yarda da bayan kowa.

Bayan aiki Baba ya miƙa ƙyalle a naɗe masa idon, likita ya hana. Ya ce Yamai za a kai shi, wurin wani likita da ba ya ganin marar lafiya, sai dai ya yanka tsokar siriri ya duba a madubin da ke ƙara girman abu. Shi zai faɗi ko ciwon ya bi jijiya ya wuce. In ya wuce, Dije ba za ta ga baɗi ba. Baba ya ce, "Ku tahi da shi, amma ban so ba."

Muka dawo hannu wofi, Baba ya hana a cike ramin sai an ji labari. Kaji suka mai da shi wurin birgima. Ni kuwa na tsane shi, don kabari nake gani, kullum in kewaya ta bayan turke. Sai bayan wata biyu ma'aikacin asibiti ya zo a babur ya ce jijiya lafiya lau. Baba ya ɗauki fartanya ya mayar da ƙasa, ba komai a ciki.

Yau irin wannan amsa a waya take iske mutum. Dije na da jikoki, tana tuyar ƙosai a Tasawa, da idonta ɗaya take hango mai shirin zarar mata ƙosai tun daga nesa. Baba har ya rasu yana cewa idon ɗiyarsa na hannun baƙi. Ni dai baƙon nan na Yamai nake tunawa. Ya fi ni sanin idon Dije, amma ko sunansa ba mu ji ba.