Neman Namijin Dayi Daga Bakura Zuwa Maradun

Ana sallame sallar asuba muka bar Mafara, ni da wani abokina, a kan tsohon babur ɗinsa da sai an tura yake tashi. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba, jama'a, ganye na fita nema. Tun da aka tashi ƙauyenmu saboda dam ɗin Bakolori na ɗauko Inna, mahaifiyata, na kawo ta gidana cikin gari, amma har yau ba ta kwance kayanta ba. Ƙunshinta na nan ɗaure a bakin gado, kullum gobe za ta koma. Abinci kuwa sai ta taɓa ta ture, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Da na matsa mata, sai ta ce ba abin da bakinta ke so sai kwaɗon namijin dayi irin na bayan ɗakinta.

Ga wanda bai san shi ba, ganye ne mai kama da latas, a shimfiɗe yake fitowa, in ka tsinke shi farin ruwa ya ɓullo kamar nono, ga ɗaci. Da can ko kallo bai ishe mu ba.

Bakura muka fara nufa. Wallahi ban gane hanyar ba. Katafila ta baje gonaki sun zama fili ɗaya, ba kuka, ba tsamiya, ba shinge, sai magudanan siminti a miƙe. A kasuwa muka karya da waina, ni dai cusawa kawai nake yi. Na tambayi wani dattijo mai kayan miya, ya ce in jira shi. Can sai ga shi da rungumen dayi mai ƙaya, wanda raƙuma ke ci.

"Ga shi, ɗana. Namiji ne ko mace, wanga kai ka sani."

Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa raina ya ɓaci. Wata mai sai da zogale ce ta fahimce ni. Ta ce in daina wahalar da kaina, abin da ke rayuwa gindin shinge da bakin juji ina zai tsaya a ƙasar da ba a bar shinge ko ɗaya ba?

Muka juyo. Dole sai ta Mafara za a bi zuwa Maradun, yankin da tsohon ƙauyenmu yake, kuma da muka zo daidai unguwarmu na kau da kai, don kada wani ya ce wa Inna ya gan ni hannu rabbana. Hanyar Maradun kuwa manyan motocin aiki sun cinye ta, rami kan rami. Babur ya mutu muka tura, ya tashi, ya sake mutuwa. Abokina ya ce mu huta a inuwa, na ce in ya gaji ya zauna, ni da ƙafa zan ƙarasa.

Da muka hau tudu sai ga ruwa iya ganin ido. Na nemi garinmu na rasa. Da ƙyar na gane giginyar ƙofar gidanmu, kanta kaɗai ke waje, tsuntsaye sun sauka a kai. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka.

A sabon matsugunin da aka kai mutanenmu na sami aminiyar Inna, wadda muke kira Gwaggo. Muka daɗe muna gaisuwa, ta tambayi kowa har akuyoyin da muka sayar. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta ja ni bayan ɗakinta, wani lungu da tsintsiya ba ta shiga. Tafasa, rama, yakuwa, duk sun cakuɗe, ga namijin dayi a tsakaninsu ya yi tsiri, kansa ya fashe da farin gashi kamar auduga. Na ce ta ba ni iri, in na koma zan yi masa kunya mai kyau irin ta gona in jera shi.

"Kunya? Kai, ɗan birni ka koma! Ba a shibka shi, hura shi aka yi gindin bango a bar shi da 'yan'uwanshi. Kuma ba kowa ka hurawa ba, sai wadda za ta zauna gidan."

Ta cika mini buhu da ganye, ta ƙulle gashin irin a tsumma.

Kafin magariba muka iso gida. Maiɗakina ta dafa, ta matse, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Inna ta kai loma, ta yamutsa fuska don ɗaci, ta sake kaiwa, har ta suɗe kwanon. Sannan ta dube ni.

"Ruwa ya kai ina?"

Duk tsawon hanya ƙarya nake shiryawa, amma bakina ya ƙi. Na ce, "Inna, kan giginya kaɗai ya rage."

Nan take na fara da-na-sani. Can ta miƙo hannu ta ce in ba ta ƙullin da ta san aminiyarta ba za ta rasa aikowa ba. Ta dafa bango ta tashi, ta je lungun bayan madafi, ta kwance tsumman ta hura. Ta ce kada ta ƙara ganin tsintsiya a wurin.

Da asuba na fita ina zaton abinci zan samo mata, ashe gaskiyar da kowa ke ɓoye mata take jira. Da safe na leƙa gaishe ta, na tarar ƙunshin nan a kwance, tana jera ƙorenta a bakin bango.