Fitilar da Baba Ke Zurawa a Rijiya

Jiya a wurin aiki aka miƙo mini fom in sa hannu, wai an duba ramin da za mu shiga. Na ga an riga an cike shi tsaf, alhali ban ga wanda ya leƙa ramin ba. Sai na tuna Baba, marigayi maigidana, dattijon da ya koya mini haƙar rijiya.

Wata shekara a Kende, ɗan kwangila ya kawo irin wannan takardar kan tsohuwar rijiyar da za mu yashe. Ni zan sauka, igiya tana ƙuguna. Baba ya karɓi takardar ya shinshina.

"Alhaji, wagga ba ta warin laka. Wa ya duba?"

"Ga hatimi nan, Baba."

Sai Baba ya kunna fitilarsa ta kananzir, ya zura ta a hankali yadda ya saba. Tun ba ta kai rabi ba wutar ta yi ja, ta mutu. Babu iskar shaƙa a ƙasa.

Da hannunsa mai kaushi ya kwance mini igiyar.

Jiya ban sa hannu ba, na ce a kawo fitila tukuna. Baba, Allah Ya haskaka kabarinka.