Garzali Mai Faci da Ƙafar Keke

Duk wanda ya taɓa hawa keke a Bebeji ya san Garzali mai faci. Rumfarsa tana gindin wata bishiyar dalbejiya a bakin hanyar Kano, da bokitin ruwan duba tayar da ta huje, da gwangwanin sholisho, da benci mai ƙafa uku wanda shi kaɗai ya san yadda ake zama a kai. Faci kam kowane yaro yana iyawa. Abin da Garzali yake taƙama da shi ɗaurin ƙafar keke ne, wato jera wayoyin nan sirara daga cibiya zuwa bakin ƙarfe, a ɗaure su daidai har ƙafar ta yi juyi ba tangarɗa. Yakan ce daga Kwanar Ɗangora har Tiga babu mai wannan hannun sai shi, kuma in ya faɗa ba a yi masa musu, don gaskiya ne.

Da babura suka cika gari kasuwa ta mutu masa. Na sha zama wurinsa da hantsi yana ba ni labarin lokacin da ango ba ya shiga gari sai a kan sabon keke. Sai ga wata ƙungiya daga Kano ta sauke tsofaffin kekuna cike da mota, wai sadaka ce, a koya wa samari gyara, kowa ya gyara nasa ya hau. Aka ba su wani tsohon shago, aka ɗora Malam Mu'azu, tsohon hedimasta, a kan shugabanci. Da aka nemi mai koyarwa ba a yi dogon nazari ba. Garzali ya ɗinka sabuwar riga, ya ce daga yau a riƙa kiransa Malam.

Ya koyar, ba a ce bai koyar ba. Samarin sun iya bugun famfo har damatsansu suka kumbura. Sun iya wanke kaca da kananzir, sun iya ɗaura ƙararrawa da manna furannin roba a kan keke. Amma duk ranar da aka zo kan ƙafa, sai buƙatu su taso wa Malam. Wannan ya je ya sayo goro, wancan ya je gida ya dubo ko an ɗaure akuya, sauran su share ƙofar shago. Kafin su dawo ƙafa ta ɗauru tana jingine da bango, shi kuma yana goge hannu yana faɗan yaran zamani ba sa zama wuri ɗaya su koyi abu.

Na taɓa tambayarsa dalili a hankali. Bai ɓoye mini ba. Ya ce in ya koya musu, gobe kowane lungu rumfa ce, to shi kuma ya zama wa? Na ce ai ba masu keken ma yanzu. Ya ce wannan ba matsalarsa ba ce.

A cikin ɗaliban akwai Mujitaba, saurayi mai naci wanda yake son keken don kai tumatir kasuwa daga gonar babansa ta rani. Shi ne ya matsa da tambaya har Garzali ya gaji ya nuna masa. Sai dai abin da ya nuna masa rabi ne. Ya ce a zura wayoyi a miƙe, a murɗa kowace har ta yi tauri, shi ke nan. Maganar giciya su da daidaita ƙarfinsu ya haɗiye ta. Mujitaba ya yi godiya har da durƙusawa, ya je ya koya wa sauran.

Ranar yaye ɗalibai aka kafa rumfa a filin firamare, dattawan gari suka zauna a kan tabarmi, baƙin Kano a kan kujeru. Malam Mu'azu ya yi dogon jawabi, a ƙarshe ya sanar da abin da bai shawarci kowa a kai ba: don girmamawa, malami ne zai fara hawa keken da babban ɗalibinsa ya haɗa da hannunsa, ya zaga fili. Aka yi tafi. Mujitaba ya turo keken, an wanke shi yana sheƙi, furanni har kan sirdi.

Garzali ya dubi ƙafar gaba sau ɗaya, fuskarsa ta sauya. Mujitaba ya lura, ya matso kusa da shi.

“Baba, in akwai gyara ka nuna mini yanzu,” in ji shi ƙasa-ƙasa. “Ga sifana a aljihuna. Ba wanda zai ce komai.”

Garzali ya waiga. Ɗalibansa duka suna tsaye a bayansa, idanunsu a kan hannunsa, kuma yau babu goron da zai aika su saye.

“Wane gyara?” ya ce. “Aikina ne fa. Matsa.”

Bai hau nan take ba. Ya ce ba tarbiyya ba ce mutum ya wuce manya a kan keke, don haka ya tura shi zuwa tabarmi ya shiga gaisuwa. Ya gaishe da kowane dattijo, ya tambayi iyali da gona da ciwon gwiwa, har da waɗanda ba sa ga maciji da shi. Da dattawa suka ƙare ya koma kan baƙi. Sai da Malam Mu'azu ya ce a lasifika rana tana yi, sannan ya yi bisimilla, ya tattare sabuwar riga ya hau.

Ya yi tafiya mai ɗan kyau har wajen tutar makaranta. Daga nan fili ya ɗan gangara, ƙafar gaba ta fara rawa, sai ta lanƙwashe kamar faifai. Garzali ya wuce ta saman keken ya sauka a kan hannun dama a cikin kwatar ruwa. Ko a hanyar gidan mai ɗori yana gaya wa masu riƙe da shi cewa laifin ƙarfen Turawa ne.

Baƙin Kano suka duba sauran kekunan, suka hana a hau ko ɗaya. Malam Mu'azu ya kai wa Garzali ƙafar keken har gida ya roƙe shi ya riƙa faɗa da baki Mujitaba yana ɗaurawa. Garzali ya ce a bari ya warke. Mujitaba ya jira har tumatir ya wuce, sannan ya tafi Tudun Wada koyon gyaran babur. Shagon yana rufe, kekunan na ciki.

Hannun ya warke a karkace, yatsunsa ba sa iya murɗa ko murfin sholisho. Da na je gaishe shi kwanan baya na same shi a gindin dalbejiya cikin walwala. Ya tambaye ni ko na ji an sami wani mai ɗaurin ƙafa a garin. Na ce ban ji ba.

“To ka gani,” ya ce, yana gyara zama a kan bencin. “Har yanzu sai ni.”