Malama Zuwairatu da Allon da Ta Ƙi Karɓa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Zuwairatu Salmanu, tsohuwar shugabar makarantarmu ta firamare a Zakka, bayan doguwar jinyar hawan jini.

Malama, zuciyata ba ta huce ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Ina ofishinki ranar da Alhaji Sharhabilu, shugaban kwamitin rabon kayan tallafi, ya zo da albishir ɗin ƙaton allon lantarki mai magana da Turanci. Makarantar ba wuta, yaranta da yawa 'yan gudun hijira ne daga Ruma, wasunsu Fulatanci suka fi ji. Kika ce, "Alhaji, yaro da harshen da yake ji yake koyo. A ba mu ƙananan rediyo masu cajin rana, mu naɗi darasi da muryarmu." Ya ce, "Ke dai ba ki son ci gaba."

Kin ƙi sa hannu a takardar karɓar allon. Kika bi iyaye gida-gida har aka haɗa kuɗi aka sayo rediyoyin. Kika naɗi karatu da lissafi da Hausa, Malam Uwaisu, malamin aji biyu, ya maimaita da Fulatanci. Da hare-hare suka sa aka rufe makaranta, muryarki ce ke tashi daga zauruka da rugage, yara na amsawa.

Sakayyar da kwamitin ya yi miki ita ce kai ƙararki ga hukuma kan taurin kai, har aka mayar da ke wani ƙauye can bayan Batsari. Sun san ba ki da lafiya, suka bar ki kina jigila a bayan babur kullum. Allon ya iso bayan tafiyarki, aka ɗauki hoto da shi, aka kulle a sito.

Jiya ga 'yan kwamitin a sahun gaba wurin zaman makoki, Alhaji na cewa, "Mun yi rashin uwa." Ya miƙo mini hannu, ban karɓa ba. Na ji kin ce kin yafe musu tun kina asibiti. Ni ban kai nan ba tukuna.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa abin da kika koyar ya zame miki sadaka mai gudana. Maigidanki Malam Usaini, da 'ya'yanki Asama'u da Haisam, Allah Ya ba ku haƙuri. Waɗanda suka wahalar da ke kuwa, akwai ranar da ba kwamiti, kowa shi kaɗai zai tsaya.