Sallar Matuƙin Jirgin Ruwa

Ana yayyafi ranar Babbar Sallah, Malam Souley yana sayar da laima a tashar jirgin ruwa ta Staten Island. Wani ɗan Turkiyya ya tsaya, sanye da farar rigar matuƙa, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Ya kama hannun tsohon ya sumbata, ya ɗora a goshi.

"Baba, haka muke gaida manya da Sallah. Maigidana ya ce jirgin shaƙatawarsa ba zai tashi ba sai hutu ya ƙare a ƙasarmu, wai tashoshi sun cika. Babana kuwa yana can gida kwance ba lafiya."

Daga muryarsa Malam Souley ya gane da wuya uban ya ga wata Sallar. Ya rasa abin ba shi sai addu'a.

Har Sallah ta wuce, jirgin shaƙatawar yana nan ɗaure, matuƙin yana ciki.