Mai Ɗinkin Taru a Apam

Yau Talata, ranar da a al'adar masuntan Apam ta ƙasar Gana ba a shiga teku. Wani tsoho yana zaune a inuwar kwalekwale yana ɗinkin taru, gishiri ya cinye fatar hannunsa. Ban san shi ba, amma idanunsa na wanda ya ga zamanin da kifi ke rinjayar jirgi ne.

Matar da ke da tarun ta tsaya a kansa.

"Baba Ebo, ƙara matse idon tarun. Jiya duk ƙananan kifayen sun zurare."

"Araba, jarirai ne fa. In kin kwashe su bana, me za ki kama baɗi?"

"Ka taɓa ganin tukunyar da ta jira baɗi?"

Ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya zura yatsu biyu a idon tarun, ya zare ɗaya, ya ja zare har idon ya matse daidai yatsa guda.